Shin A Ɓoye Yagar Tsohon Tufa?

Idan zanen saƙin da kika gada wajen kakarki ya yage, wanne ya fi: a gyara shi ya koma kamar sabo, ko a bar shi da yagarsa? Kafin ki amsa, ga labarin wata tuta.

A 1813 Mary Pickersgill ta ɗinka wata ƙatuwar tuta a birnin Baltimore na Amurka, tsawonta ƙafa 42, faɗinta 30, wadda aka kafa a sansanin soja na Fort McHenry lokacin yaƙin 1814. Iyalan kwamandan sansanin ne suka adana ta, amma sukan yanka wa mutane ɗan ƙyalle a matsayin tsaraba, har tauraro guda ya tafi. Ƙauna ce fa, ba mugunta ba. Yau tsawonta ƙafa 34 ne.

A 1914 gidan tarihi na Smithsonian ya ɗauko Amelia Fowler da mata goma suka ɗinka mata shafi na lilin ta baya, sukar allura kusan miliyan 1.7. Da shafin ya tsufa ya yi datti, sai daga 1999 masana suka zauna suna tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Ba su cike hujojin ba, ba su ɗinka sabon tauraro ba. A 2008 aka shimfiɗa ta a ɗaki mai ƙarancin haske, domin haske na cin ulu.

Ni dai ina bayansu. Zanen da za ki ɗaura ki je biki, ai a yi masa faci, ba laifi. Amma tufar da aka ajiye don ta zama shaida, yagarta ma shaida ce. Da sun sa sabon tauraro, yaron da aka kawo kallo zai tafi da yaƙinin cewa hannun Mary ne ya ɗinka shi. To me ya raba wannan da ɓoye aibin haja a kasuwa?

Sai dai kada ki ga laifin Amelia. Da sanin zamaninta ta yi aiki, kuma ɗinki ta yi, abin da almakashi zai iya warwarewa. Irin gyaran da masanan yau suka fi so ke nan, don sun san na bayansu ma za su iya ganin kuskurensu. Ƙila ma ba don shafin nata ba, da tutar ba ta kai hannun masu warwarewar ba.