Kujerar da Muke Zaɓa a Gidan Kallo

Akwai wani shagon cajin waya a kusa da Kwanar Dangora da nake yawan tsayawa idan zan shiga Kiru. Mai shagon yana tura finafinai a waya, kuma ya fi malamin makaranta sanin abin da ke zuciyar matasan yankin, domin shi ne ake raɗa wa abin da ake so. Wata rana na tsaya a gefensa kusan awa guda ina jiran batir ya cika. Samari suka riƙa zuwa suna cewa a saka musu Pushpa ko KGF, fassarar Hausa. 'Yan mata kuwa sai su turo ƙannensu da memori a ƙulle a leda, a saka musu na soyayya, musamman irin wanda ake raina yarinya ko saurayi saboda kama, daga baya a gane zinariya ce aka yar. Na ɗauka abubuwa biyu ne mabambanta, ɗaya na bindiga ɗaya na hawaye. Sai a mota, muna gangarawa, na fara zargin cewa yunwa ɗaya suke ciyarwa.

A duba Pushpa, wanda ya fito a 2021. Lebura ne da ke saran itacen jan sandal a dajin Seshachalam ana fasa-ƙwaurinsa. Kafin kuɗi, abin da ke cin ransa shi ne an hana shi amfani da sunan gidan ubansa, saboda ba ta hanyar aure aka same shi ba. Duk inda aka tambayi sunansa cikakke, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Rocky na KGF, a 2018, maraya ne da uwarsa ta mutu cikin talauci. Tun a 1975 Amitabh Bachchan ya yi wannan rawar a Deewaar, yaron da aka rubuta masa laifin ubansa a hannu da zanen da ba ya gogewa. Ko a gida haka ne: Gwaska na Adam A. Zango ɓarawo ne, amma an shirya labarin yadda ɗan kallo zai tsaya a bayansa. Duk waɗannan finafinai suna farawa da wulaƙanci, bindigar daga baya take zuwa.

Yaron da ya gama sakandare a Tudun Wada, ya yi kakar shinkafa, ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ya dawo da abin da bai kai kuɗin akwatin lefe ɗaya ba, ya san wannan wulaƙancin ba sai an fassara masa ba. Ya san tsayuwa a ƙofar gidan mai kuɗi a ce Alhaji yana barci. Ya san ya yi sallama a majalisa a amsa masa ba tare da an ɗago kai ba. Idan ya ga Pushpa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a gaban ubangidansa, ba kisan kai yake sha'awa ba. Yana so ne, ko sau ɗaya a rayuwa, ya shiga wuri a lura ya shigo. Ban ga laifi a wannan muradin ba, kuma duk mai wa'azin da ya fara da zagin yaron ya riga ya rasa shi.

Fim ɗin kyan hali ma a nan yake farawa. A Rab Ne Bana Di Jodi, na 2008, Shah Rukh Khan ma'aikacin kamfanin lantarki ne a Amritsar, mai tabarau da gashin baki, wanda matarsa ba ta ganinsa ko da yana zaune a gabanta. Sai ya sake kama ya zama ɗan gaye don ya ja hankalinta, a ƙarshe ta zaɓi mijin nata mai shiru-shiru. Alƙawarin da fim ɗin daba yake yi shi ne za su san ka ta hanyar tsoro, wannan kuma yana cewa wani zai gane ka ta hanyar so. Mai kallon duka biyun mutum ne da yake jin ana wuce shi a hanya.

To ina matsalar? Hukumomi sun daɗe da yanke cewa tana ga na farkon. A Amurka, bayan Little Caesar da The Public Enemy a 1931 da Scarface a 1932, an tsaurara dokar tace finafinai a 1934, aka wajabta kada a nuna laifi yana da riba. A Kano, Hukumar Tace Finafinai ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a 2021. Ba zan yi musu dariya ba. Mutumin Doguwa ba a fim ya fara jin labarin ɗan bindiga ba. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta dajin Falgore a shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa suka addabi wurin ya san yadda mota take yin tsit idan an shiga dajin, har mai surutun gidan gaba ya koma salati. Makiyayin da aka kore wa garke a dare ɗaya ba shi da waƙar da ake sa masa idan ya fito.

Kuma nan ne ƙaryar fim ɗin take. Ba ya ɓoye cewa ɗan daba zai ƙare da sharri. Sau da yawa ma yana nunawa, Tony Montana na Scarface ɗin 1983 a cikin ruwa ya ƙare da harsasai a jiki. Abin da yake ɓoyewa shi ne mutanen da aka taka. Jarumin yana da uwa, yana da tarihi, yana da dalili. Waɗanda yake zubarwa ba su da ko suna, su faɗi kyamara ta wuce. Awa uku kana zaune a kujerar mai wuƙa, alhali a lissafin gaskiya, idan irin wannan labarin ya zo garinku, kai ne mai shagon da za a karɓi harajinsa, ko direban da za a tsayar.

Wannan kowa yana iya ganinsa. Abin da ya fi damuna shi ne na biyun, wanda ba a taɓa kai ƙararsa ba, iyaye ma suna jin daɗi idan shi 'ya'yansu ke kallo.

A Shallow Hal, na 2001, an rufe wa jarumin ido ta yadda zai riƙa ganin halin mutane a matsayin surarsu. Budurwar tasa mai ƙiba ce ƙwarai, amma da yake halinta na kirki ne, sai yake ganinta siririya, wato Gwyneth Paltrow yadda take. A lura da abin da aka yi: don a nuna mana kyan zuciya, sai da aka ara mata jikin da kasuwa ta yarda da shi. Haka mai tabarau na Amritsar, kowa ya san Shah Rukh Khan ne a ƙarƙashin gashin bakin, shi ya sa muke da haƙurin jira. A namu finafinan ma, 'yar ƙauyen da ake rainawa jaruma ce da aka shafa wa baƙi a fuska aka ɗaura mata tsohon zane, ranar da labari ya juya sai a wanke ta, a yi mata kwalliya, saurayi ya yi nadama. Nadamar me? Ta cewa bai gane kyakkyawa ba ce tun farko. Halin nata bai samu komai ba, fuskar ce ta sake cin nasara ta ƙofar baya. Dum Laga Ke Haisha na 2015 ya fi su gaskiya, domin matar ba ta rame ba har aka tashi, mijin ne aka tilasta wa sauyawa, kuma irinsa ba su da yawa.

Ina da 'yar ƙanwar uwa a wani ƙauye ta wajen Tiga. Baƙa ce, gajera, ita ta riƙe gidansu tun da mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Sau biyu ana zuwa neman aurenta, sau biyu magana tana mutuwa bayan 'yan'uwan saurayi mata sun zo sun gan ta. Na san samarin. Ɗaya daga cikinsu yana cikin masu share hawaye idan ana kallon irin finafinan nan, kuma shi ne zai ce maka hali zanen dutse, shi ne kuma zai ce cikin raha fara ko mayya ce. Ban ɗauke shi munafuki ba. Kujera ya zaɓa, kamar kowa. Da yake kallo, kansa ya gani a matsayin wanda aka raina saboda ba shi da mota, yana jiran wadda za ta hango zinariyar da ke cikinsa. Bai taɓa zama a ɗaya kujerar ba, ta wanda aka ɗora wa nauyin ya duba da kyau. Fim ɗin bai nemi ya zauna a can ba, domin ba a sayar da tikiti da wannan.

Ni ma ban kuɓuta ba. Da aka ce in raka wani abokina zance shekarun baya, tambayar da na fara yi masa a hanya ita ce yaya take, kuma shi da ni mun san ba tarbiyyarta nake nufi ba.

Da na je gaishe su da Sallar bara, na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗen gari, waya a jingine da turmi, tana kallon ɗaya daga cikin finafinan. A kan taga na hango kwalbar man shafawa, irin wanda ake sayarwa a asirce a ce yana gyara fata. Ta ga na gani. Ta ce, "Yaya, na ƙawata ne, ta manta shi a nan." Na ce to. Ta miƙo min ruwa a kwanon sha, ta koma kan tabarma ta ɗan ƙara sautin wayar, daidai wurin da saurayin ya dawo yana ba da haƙuri.