Abin Lura: Tayar da Ta Ci Gefe Ɗaya

Duk rumfar mai faci da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, nan cikin Bici, ba ta rasa tarin tsofaffin tayoyi a gefe. Kullum muna wuce su ba tare da mun yi musu kallo na biyu ba. Ran nan ina zaune ina jiran a yi wa babur ɗina faci, sai idona ya tsaya a kansu. Ashe da yawansu ba ƙarewa suka yi ba. Gefe ɗaya ya cinye sumul har waya ta leƙo, ɗaya gefen kuwa zanensa na nan raɗau kamar jiya aka sayo.

Na juya wajen wani dattijon bakanike da garejinsa ke maƙwabtaka da rumfar, na ce, "Baba, me ke cin taya haka?"

Ya shafa ɗaya da tafin hannunsa, ya ce, "Malam, wannan ba laifin titi ba ne. Ƙafar motar ce ta karkace. Mu kamba muke ce mata."

In ka tsaya a gaban mota ka dubi tayoyinta, za ka ɗauka a tsaye suke cak. Amma kowace tana da 'yar karkata: ko dai samanta ya sunkuya ciki wajen jikin mota, ko ya buɗe waje. Wannan ita ce kamba. Motar zirga-zirgar yau da kullum, kamfani kan bar mata karkatar da ba ta cika wuce digiri 1 ba. A rim mai inci 15, digiri 1 bai kai milimita 7 ba tsakanin sama da ƙasa, wato bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Ido ba ya kama shi.

To amma taya tana kama shi. Abin da ke taɓa ƙasa a jikin kowace taya bai fi faɗin tafin hannu ba. Idan karkatar ta wuce ƙa'ida, sai nauyin ya tattare a gefe guda na wannan ɗan wuri. Tayar ƙaramar mota kan juya kusan sau 500 a kilomita ɗaya. Daga Bici zuwa Kano kilomita 40 ne da ɗoriya, ka ga juyi dubu 20 ke nan a zuwa kawai. Direban haya da ke sawu biyu ko uku a rana, lissafa masa na wata guda. Babu juyin da ya ci abin a zo a gani, amma babu wanda ya wuce bai ci ba.

Abin da ke karkatar da ƙafar mota a wajenmu ba ɓoyayye ba ne. Golf da Sharon da aka ƙera don mutum biyar ko bakwai, mu kan ɗora musu buhunan albasa daga Badume, ko hatsi zuwa Dawanau, har but ya ƙi rufuwa. Ga ramukan da damina ke bari a hanyoyin ƙauyuka. Sifirin ya kwanta, bushin ya cinye, shoka ta lanƙwashe. Daga nan sai direba ya ji mota tana jan sa gefe, ya riƙa danne sitiyari, har hannunsa ya saba ya daina jin akwai matsala. In kuma bakin tayoyin gaba ya haɗe ko ya buɗe fiye da kima, cin ma ya fi sauri, shi ya sa mai alaimen na kirki yake duba su tare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, karkatar nan da ke talauta direban haya, ita masu tseren mota suke nema da gangan. Idan mota ta sha kwana da gudu, nauyinta kan koma kan tayoyin waje, jikinta ya kwanta, tayar ta hau kan kafaɗarta. Don haka sai su riga su karkatar da samanta ciki, yadda in an shiga kwana za ta zauna daram da faɗinta duka. Motocin Formula 1 kan kai wajen digiri 3 a gaba. A Amurka, motocin NASCAR da ke zagaya fili suna shan kwanar hagu kaɗai, tayar dama takan sunkuya ciki, ta hagu ta buɗe waje. Kuma ba da ka suke yi ba. Da mota ta tsaya sai a auna zafin taya a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, a ga inda ya fi shan wuya. Masu tseren sha'awa da motarsu ɗaya ce, da yawansu kan ƙara karkata a filin tsere, su mayar da ita yadda take kafin su kama hanyar gida. Masu tsere a kan burji da rairayi, irin hanyar Agadas da gasar Faris zuwa Dakar ta riƙa bi tun 1979, ba sa karkatarwa kamar masu kwalta. Tarakta kuwa, dubi tayoyinta na gaba a gona: waje suka buɗe, don sitiyari ya yi sauƙin juyawa. Kowa da hanyarsa, kowa da saitinsa.

A nan samarinmu masu sha'awar wasan mota suke yin kuskure. Yaro ya ga bidiyo a waya, ya je a sauke masa mota ƙasa, a baje tayoyi kamar ƙafafun kwaɗo, sannan ya hau titin da galibinsa miƙaƙƙe ne. A miƙaƙƙiyar hanya karkatacciyar taya da gefe take tafiya, riƙonta ya ragu, birki ya yi tsawo. Ranar da akuya ko yaro ya gifta, wannan ɗan bambancin ne tsakanin tsayawa da kuka. Sha'awar tsere ba aibu ba ce, tana da filinta da ƙa'idarta. Amma wanda ya daka rawar wani, zai rasa turmin daka tasa.

Da zan tafi, dattijon ya ƙara da cewa, "Malam, mutum zai je Ƙofar Ruwa ya sayo taya ya ɗaura, wata uku ya dawo yana zagin mai shago. In ce masa gyara ƙafa tukuna, sai ya ce kuɗin alaimen ya yi yawa."

Tun ranar nake juya maganar nan, domin ba a mota kaɗai na gan ta ba. Ɗan kasuwar da ke taɓa uwar kuɗi kaɗan-kaɗan don ya yi shiga irin ta wani, sai ya ce kasuwa ce ta lalace. Magidancin da ya ɗan karkata ga ɗaki ɗaya ko ɗa ɗaya, ba ya ganin komai, don a rana guda abin bai kai kaurin yatsa ba. Shekara goma sai ga waya ta leƙo: zumunci ya cinye ta gefe ɗaya. Sai a sake sana'a, a sake abokai, wani ma ya sake mata, alhali ƙafar na nan a karkace, sabuwar ma inda tsohuwar ta ci nan za ta ci.

Gobe da safe kafin ka tayar da mota, juya sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa ka shafa tayar daga waje zuwa ciki, don gefen ciki shi ne wanda ba a gani daga tsaye. In ka miƙe, ka yi wa gidanka da sana'arka irin wannan shafar. Inda ka ji ya yi sumul, kada ka yi gaggawar sayen sabo. Fara neman abin da ya karkace.