Mene ne amfanin abin da ba ya daɗewa?

Wani ɗalibina ɗan Tajaye ya tsaida ni a ƙofar aji da tambaya: «Mushe, don me masana ke ɓata shekaru suna ƙera abin da ba ya kai ƙiftawar ido?»

Ga asalin maganar. Jadawalin sinadarai da Mendeleyev ya tsara a 1869 ya kai gida 118 a yau. Na ƙarshensu, oganeson, an raɗa masa suna a 2016. A Dubna ta ƙasar Rasha aka same shi, ta hanyar harba ƙwayoyin kalsiyom, mai lamba 20, a kan kaliforniyom, mai lamba 98. Hanyar kalsiyom ta kai maƙura, domin abin da ya zarce kaliforniyom ba ya samuwa da yawan da za a harbe shi. Saboda haka aka sake harsashi: a 2024, masanan Berkeley ta Amurka suka harba titaniyom a kan pulutoniyom, suka samu ƙwaya biyu ta sinadari na 116 cikin kwana 22. Gurinsu shi ne na 120.

Ƙwaya biyu ba ta cika rumbu, kuma mai jiran damina yana da hakkin ya ce wannan almubazzaranci ne. Amma uraniyom kansa ya haura shekara ɗari, daga gano shi a 1789, ba a san shi da wani babban aiki ba sai rina gilashi. Ilimi ba ya sanar da ranar amfaninsa. Wanda ya ce sai ya ga riba zai nema, kullum a hannun wasu zai saya.

Abin da ya fi damuna dabam ne. Kalsiyom na nan jibge cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Uraniyom, wanda daga gare shi ake samun pulutoniyom, ana haƙarsa a Arlit tun 1971. Duk da haka jadawalin na ɗauke da sunayen Dubna da Berkeley da Japan, babu sunan gari ko ɗaya na Afirka. Mu ke haƙa, wasu ke raɗa suna.

Ashe laifin ba na mai bincike ba ne. Namu ne, mu malamai da iyaye, in muka koya wa ƴaƴanmu cewa irin wannan tambaya ta fi ƙarfinsu. Na ce wa yaron ya riƙe tambayarsa, ya dage da lissafi.