Tafakkuri a kan kamannin ɗa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu.

Ya ɗan'uwa muridi, a cikin ƙwayar halittar jikinka akwai zare 46 da masana ke kira kuromozom, 23 daga mahaifinka, 23 daga mahaifiyarka. Lokacin da jiki zai samar da maniyyi ko ƙwan mace, kowane zaren uba yana jeruwa da takwaransa na uwa, su manne, su yi musayar guntaye. Sannan ƙwayar ta rabu sau biyu, kowace ta tafi da 23. Ashe abin da ka ba ɗanka gaurayen gadon kakanninsa ne.

Buhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Manzon Allah (SAW) da shakka saboda launin jaririnsa. Sai ya tuna masa da jajayen raƙumansa da aka samu mai ruwan toka a cikinsu, ya fahimtar da shi cewa kama tana iya tasowa daga kakanni.

Kada hanci ko launi ya sa ka zargi baiwar Allah, ka rusa gidanka. Al-Musawwiru ne Ya tsara wannan musaya, Shi Ya suranta fuskar ɗanka. In ka dube ta, ka yi tasbihi.

Allah Ya wanke zukatanmu daga mummunan zato. Amin.