Titi Na Kowa, Asara Ta Wa?

Duk lokacin da aka ce za a ja sabon titi a gari, ko a faɗaɗa tsoho, murna muke yi, kuma muna da hujjar yin ta. Wanda ya san ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san darajar hanya a wurin manomin masara da dawa mai son kai amfaninsa kasuwar Sheme ko ta Ɗandume, ya kuma san darajarta a wurin matar da naƙuda ta kama da tsakar dare. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, yana cikin abubuwan da suka mai da Funtuwa cibiyar auduga. Hanya arziki ce. To amma akwai tambayar da guɗa kan danne: titin da kowa zai mora, gidan wa zai ci, kuma me muka ɗauki mai gidan nan?

Tambayar ta matso kusa da mu. Hare-haren 'yan bindiga, waɗanda duniya ta ji labarinsu da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, sun kwaso mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin manyan garuruwan yankin. Unguwanni sun tsiro a inda da gonaki ne, kowa ya kafa katangarsa inda ƙarfinsa ya kai, galibi ba taswira, ba takardar mallaka sai shaidar mai unguwa. Garin da ya cika haka, ko ba daɗe ko ba jima sai an tsaga masa babbar hanya, kamar yadda aka yi wa birnin Katsina wadda ta kewaye shi ta gabas, aka buɗe ta a 2025. Ranar da safiyo zai zo da turaku da jan fenti, ba mamaki gidan da zai fara shafawa ya zama na mutumin da ya riga ya rasa gida sau ɗaya.

Doka tana da amsarta. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma yarda a karɓe fili idan amfanin jama'a ya buƙaci haka. Diyyar da ta fi mai da hankali a kai ita ce ta abin da mutum ya ɗora bisa ƙasar, wato gini da shuka da itatuwa. Ke nan za a ƙirga bulo da kwano da bishiyar mangwaro. Maƙwabcin shekara talatin kuwa, da masu ciniki da suka saba da ƙofar shagonka, da kusancin masallaci da makabartar iyaye, babu ma'aunin da ke ɗaukarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, idan aka tsaya jiran yardar kowa, ai ba titin da za a taɓa yi. Wannan magana gaskiya ce, kuma magabata sun ci karo da ita. Masana tarihi sun ruwaito cewa a shekara ta 17 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya faɗaɗa Masallacin Ka'aba, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu, aka ajiye kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. An kuma ruwaito cewa da ya nemi gidan Abbas, baffan Manzon Allah (S.A.W.), don faɗaɗa Masallacin Madina, Abbas ya ƙi, suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, hukunci ya ba Abbas gaskiya. Da haƙƙinsa ya tabbata, sai ya ba da gidan sadaka don kansa.

Idan muka haɗa labaran nan biyu, za mu ga inda ma'auni yake. Jama'a na iya buƙatar gidan mutum har ta karɓa, amma tana karɓa ne a matsayin mai cin bashi. Saboda haka diyya bashi ce a wuyan duk wanda tayar motarsa za ta taka kwaltar, ba alheri ba ce da za a sa mutum ya yi ta jele ofis-ofis yana roƙo. Sannan mutumin da aka girmama, aka nemi shawararsa, yakan ba da abin da ƙarfi ba zai iya ƙwata cikin lumana ba. Manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, sun tayar da ƙayar baya a kan gonakinsu da diyyarsu lokacin aikin madatsar ruwa, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka rasa rayuka da dama. Madatsar tana nan, tabon ma yana nan.

A ganinmu adalcin titi tun kan takarda yake farawa, domin tun ran gini tun ran zane. Layin da injiniya ya ja, a baje shi gaban hakimi da dagatai da masu unguwanni da waɗanda abin zai shafa, da harshen da suke ji. Idan layin ya karkace, a faɗi dalili, kada ya zama yana kauce wa katangar mai hali yana miƙewa a kan ta talaka. A biya kafin katafila ta iso, kuɗin da zai iya tayar da wani gida a farashin ranar. Wanda ba shi da takarda a karɓi shaidar maƙwabtansa. A kuma sa ido kan masu jin ƙishin-ƙishin tun da wuri, su bi gonakin bakin hanya suna saye da araha daga hannun waɗanda ba su san abin da ke tafe ba. Wannan ciniki ne a baki, amma zamba ce a zuciya. Mafi sauƙi duka shi ne ƙananan hukumomi su keɓe hanyoyin gobe tun yau, tun filin yana fili, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu marubuta muna da namu rabon a wannan aiki. Ranar buɗe titi ba ta rasa maroƙa da masu ɗaukar hoto. Abin da ke rasa mai ba da labari shi ne daren da magidanci ya kwana yana kallon jan fenti a bangon ɗakin mahaifiyarsa, yana lissafin inda zai kai iyali kafin damina. Wannan dare yana jiran alƙalaminmu, a gajeren labari ko wasan kwaikwayo ko waƙa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon faɗin gaskiya.