Malamin Kimiyya, Dogon Hutun Nan Naka Ne

An raba sakamakon zango na uku, yara sun watse, an kulle azuzuwa sai Satumba. Malam, Malama, ku masu riƙe da darasin kimiyya, da ku nake. Na san hutun nan suna ne kawai a wurin da yawanku. Wani gona ce ke jiransa, ga maimai ga kuɗin taki. Wani ya kama lesin don ya toshe ramin da albashi ya bari tun goma ga wata. Malama kuwa nata yaran sun dawo gida, ga bukukuwan dangi duk an tara su a hutu. Duk wajibi ne, ba mai cewa ku bari. Abin da nake nema a wurinku shi ne ku yankar wa sana'arku nata rabon daga cikin makonnin nan, ko da yini ɗaya ne a mako, domin ku koma aji da gwajin da hannunku ya riga ya yi.

Mun san halin da ake ciki. Yaro zai shekara uku a babbar sakandare yana haddace cewa asid na mayar da shuɗiyar takardar litmos ja, ya rubuta a jarrabawa ya ci maki, alhali bai taɓa ganin launin ya juya da idonsa ba. Ɗakin gwaje-gwaje, inda ma akwai shi, kwalabe sun bushe, famfo ba ruwa, ba a buɗe shi sai ana gab da firaktikal. Wannan ba laifinku ba ne, kuma dole a ci gaba da matsa wa hukuma sai ta gyara. Amma yaron da zai zauna gabanka bana ba zai iya jiran kwangilar kayan aiki ba. Shekara guda gare shi a ajinka, in ta wuce shi ke nan.

To, Malam, aika a sayo maka jan zoɓo. Jiƙa shi a ruwan zafi, ba sukari ba citta, ka tace, ka sirka da ruwa har ya yi haske, ka raba a kofuna masu garai-garai. Ɗiga lemun tsami a na farko, jan zai ƙara fitowa fili. Zuba ruwan kanwa ko ruwan toka a na biyu, ka ga ya juye zuwa kore mai duhu. Sai ka ɗauki sirinji mara allura ka riƙa ɗiga lemun tsamin a kan koren nan, kana ƙirga ɗigon, har ja ya dawo. Wannan ƙirgar ita ce zuciyar taitireshan ɗin da ke firgita ɗalibai kowace shekara. Tsoma farar takarda a ruwan zoɓon ka shanya, ka samu madadin litmos da zai ishi aji guda. Zuba kanwa da lemun tsami a kwalba ka ɗaura balan-balan a bakinta, iskar kabon-dayoksaid za ta hura shi a gaban kowa. Kuma ka tuna, duk yarinyar da ke ajinka ta sha ganin mahaifiyarta tana jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Ta san aikin tun daga madafi, kai kawai take jira ka haɗa mata shi da abin da ke cikin littafi. Sai dai fa ka gwada da kanka tukuna, sau da yawa, ka san yawan ruwan da ke ba da launi mai kyau da wanda ke dagula shi. Ba a koyon gwaji a gaban yara saba'in, kuma wannan ne amfanin hutu.

In kana Kano ko kusa da ita, ware safiya ɗaya ka je marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Gaida masu rini, ka zauna ka kalla. Baba da toka da katsi ne a cikin ramin, an bar su kwanaki sun jiƙu sun nuna. Idan aka tsamo zane yakan fito da launi mai kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi kana kallo, domin oksijin ya haɗu da sinadarin ya mayar da shi wanda ruwa ba ya narkarwa, ya kama zaren. Babin da ya fi ba ɗaliban kemistiri wuya ke nan ake yin sa a fili, kuma dattawan da ke yin sa za su faɗa maka ta ƙamshi da kumfa ko rami ya nuna. Ka je musu a ɗalibi. Haka maƙera da zuga-zuginsu, haka mai dafa sabulun salo, haka mai daddawa da ke rufe kalwa ta bar ƙwayoyin halitta su yi mata aiki.

Malamin bayoloji kuwa damina ta kawo masa komai har ƙofar gida. Tuge wake ko gyaɗa a gonarka, ka wanke saiwar a hankali, ga 'yan ƙulle-ƙullen nan da bakteriya ke zaune a ciki suna kamo naitirojin daga iska. Shi ya sa kakanninmu ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Tona gindin dawar da wuta-wuta ta kama ka ga yadda saiwarta ta manne tana tsotso. Kududdufi cike yake da talibambam da tsutsar sauro. Ɗauki hoto da waya, busar da ganye a tsakanin tsofaffin jaridu, tara iri a ambulan. Lokacin da za ka kai ga waɗannan babuka a manhaja wataƙila rani ya yi, ciyawa ta ƙone.

Mai fiziks da labarin ƙasa, ka sa ido a kan wajen 21 ga Agusta. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a daidai wannan lokaci rana kan bi ta tsakar ka sosai. Kafa sanda a miƙe, wajen sha biyu da rabi na rana, in hadari ya bari, za ka ga inuwarta ta shige ƙarƙashinta. Katsina da Sakkwato da Maraɗi sukan riga da 'yan kwanaki, Zariya da Kaduna su biyo baya. Auna inuwar kullum ka rubuta. Sau biyu abin ke faruwa a shekara, ɗayan wajen 21 ga Afrilu, lokacin yara suna kusa, sai ka riga ka san yadda za ka shirya musu.

Kada wani ya raina irin wannan kimiyya ta kayan gida. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ɗan gidan masu ginin tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana tsotsewa ta jikin babbar yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi, kayan lambun da kan lalace cikin kwana uku su yi makonni. Ilimin da ke sanyaya ruwan randa ne, ba ƙari. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex ta duniya a kan wannan aiki.

Ba kuma kai kaɗai kake wannan tafiya ba. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, STAN, tun 1957 take, tana da rassa a jihohi, kuma babban taronta na shekara a watan Agusta aka saba yin sa, yana faɗowa cikin hutu. In kuɗin mota da masauki sun fi ƙarfinka, nemi reshen jiharku, ka tambayi wanda ya je ya ba ka takardun da ya dawo da su. Shirin horar da malamai na SMASE, wanda aka faro a Kenya a 1998 da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya shigo Nijeriya a 2006 ta jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya fara da malaman firamare, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ta zama gidan horonsa. Koyarwarsa ita ce wadda nake ta faɗa: yaro ya yi da hannunsa, malami ya ƙago kayan aiki daga abin da ke kusa, ya tsara darasi, ya gabatar, ya duba inda ya yi rauni, ya gyara. Wataƙila akwai wanda ya sami wannan horo a ƙaramar hukumarku. Nemo shi. Mai son ƙarin takarda kuma, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe tana gudanar da karatun digiri na dogon hutu domin malaman da ke bakin aiki, kuma littattafan darussan jami'ar NOUN kyauta ake sauke su a intanet.

Abu biyu nake so kowa ya sauke a wayarsa kafin hutu ya yi nisa. Na farko rahoton manyan masu duba jarrabawa na WAEC, wanda hukumar ke sakawa a shafinta darasi-darasi. A nan za ka ga ainihin inda yaranmu ke zubar da maki: jadawali ba a rubuta ma'auni ba, sikelin giraf ba tsari, zanen bayoloji ba take ba adadin girma, karatun buret ba a kai shi lamba biyu bayan ɗigo ba. Duk ƙananan abubuwa ne da malami zai iya gyarawa cikin zango ɗaya in ya san su. Wanda ya sami shiga makin takardun WAEC ko NECO ma ya je, kada ya dubi ƙanƙantar kuɗin kaɗai. Abin da zai koyo a zaman daidaita maki ya fi na bita da yawa. Na biyu PhET, wanda Carl Wieman, mai kyautar Nobel ta fiziks ta 2001, ya kafa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Kyauta ne, kuma in an sauke yana aiki ba data. Za ka haɗa batir da waya da ƙwan lantarki a fuskar kwamfuta, ka ƙara ƙarfi ka ga ƙwan ya ƙara haske. Ba zai maye gurbin batir na gaske da ƙwan tocila ba, don haka ka haɗa su biyun.

A 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, a lokacin da 'yan jihar masu digirin likita da injiniya ba su da yawa. 'Ya'yan manoma da 'yan tireda aka kwaso daga ƙauyuka da unguwanni, yau ga su a asibitoci da jami'o'i a ciki da wajen ƙasa. Tambayi kowanne cikinsu, kafin ya tuna maka gini zai ambaci sunan wani malami. Aikin da kuke yi ke nan, Malam, Malama, ko da wanda ke biyanku bai gane ba. Ku kuma malamai mata, ku sani yarinyar da ta ga mace riƙe da kwalbar gwaji tana bayani ba tsoro, ta daina ɗaukar kimiyya a matsayin karatun maza.

Saboda haka ɗauki wayarka yau. Akwai malaman kimiyya huɗu ko biyar a makarantun da ke kewaye da kai, na gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya. Kira su. Ku roƙi shugaban makaranta ɗaya ya ba ku aji da makullin ɗakin gwaje-gwaje kowace Asabar da safe. Kowa ya zo da babin da ya fi jin nauyin koyarwa, wanda yakan tsallake ko ya bari sai ƙarshen zango, ya koyar da shi a gaban sauran, su yi masa tambaya irin ta yara, su gyara masa ba kunya ba gori. Wani ya kawo zoɓo da kanwa, wani batir da waya, wani saiwar wake. Ku sa ranar farko a wannan Asabar ɗin, kafin aikin gona da bukukuwa su cinye Agusta.