Ka Je da Ƙafarka, Ka Buɗe Kwalin

Ɗana, na ji labari kana so ka saya wa yaranka abin wasan zama, irin wanda ake shimfiɗawa a tabarma a kewaye shi, don ka rage musu kallon waya. Madalla, Allah ya yi maka albarka. Amma kafin ka ɗauki wayar ka ce a aiko maka, zauna ka saurare ni. Zuwa da kai ya fi aike, kuma a wannan sayayya na ga gaskiyar maganar da idona.

Shekarar da ta wuce jikata ta dame ni da zancen Scrabble, wasan nan na harhaɗa kalmomi da ta gani a makarantarsu. Na ga hotonsa a waya, kwali mai sheƙi, kuɗi kuma da sauƙi. Na tura kuɗi, bayan kwana uku mai babur ya kawo shi a ƙunshe cikin leda. Da daddare muka zazzage 'ya'yan a kan faranti muka ƙirga. Ɗari ya kamata su cika, muka sami casa'in da ɗaya. Allon kuwa bai fi kwalin sabulu kauri ba, tun ninkin farko ya fara tsagewa. Na kira lambar har na gaji, ba a ɗauka ba. Kuɗin ba su dame ni ba kamar fuskar yarinyar, wadda ta yi sati tana gaya wa ƙawayenta cewa kakanta ya yi mata saye.

Ranar Asabar na kama hannunta muka tafi wani ɗan shago a bakin kasuwa, inda wani dattijo ke sayar da littattafan makaranta da ƙwallo da kayan wasa. Muka gaisa, na ce, "Malam, Scrabble muke nema, amma mai cikakkun 'ya'ya." Bai ce komai ba, ya sauko da kwali daga kanta, ya kakkaɓe ƙurar da gefen rigarsa, ya kwance bakin jakar, ya zube su a kan tebur. Ya jera su goma-goma har layi goma, yana ƙirgawa a fili. Yarinyar ta tsinci guda biyu da babu rubutu a jikinsu, ta ce, "Baba, waɗannan sun lalace." Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, su ne mafi daraja a hannun mai wayo. Kowane harafi kika rasa, su za su tsaya miki a madadinsa." Cikin minti goma ya koya mata abin da takardar cikin kwalin ba ta iya fahimtar da mu ba. Wannan darasin kyauta ya ba mu shi.

Saboda haka abu na farko, ka roƙi mai shago ya buɗe maka, ka ƙirga a gabansa. Ba rashin yarda ba ne, kuma ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin haka. Lido 'ya'yansa goma sha shida ne, huɗu-huɗu a launi huɗu. In mai gilashi ne a sama, ka shafa gefen katakon da yatsa, ka tabbata bakin gilashin bai leƙo ba, don hannun yaro ba ya jin kashedi. Kartar Whot guda 54 ce, kuma in ɗaya ta ɓace ko bayanta ya sha bamban da na sauran, wasan ya mutu, domin yara za su haddace ta tun daren farko. Ces, wadda wasu ke kira darar Turawa ko da yake daga Indiya ta taso, 'ya'ya 32 gare ta a kan gida 64. Ka ɗaga doki ko sarki ka ji nauyinsa, in iskar fanka za ta iya kayar da shi, ajiye shi. Araha ba ta ado.

Sannan ka faɗa wa mai shago shekarun yaranka da yawansu. Mutumin da ya shekara goma yana sayar da waɗannan kaya ya san wanda ake dawowa a yi masa godiya a kansa, ya san wanda ake jefawa ƙarƙashin gado bayan kwana biyu. Zai ce maka ɗan shekara biyar maciji da tsani ya dace da shi, ya koyi ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari yana dariya. Zai ce maka Monopoly, wanda har an yi na birnin Legas a 2012, yana cin sa'o'i, ba na gidan da ake kwanciya da wuri ba ne. In kuma akwai mai rarrafe a gidan, ka duba gargaɗin da ke jikin kwali game da 'yan ƙasa da shekara uku. Ƙwayar lido daidai maƙogwaron jariri take, kuma wannan ba abin sakaci ba ne ko kaɗan.

Yanzu bari in yi maka faɗa a kan wata ɗabi'a da nake gani wurin samarin yanzu, tana kuma ɓata mini rai. Mutum zai shiga shago, a saukar masa da kwali biyar, a buɗe, a yi masa bayani, ya ɗauki hoton wanda ya yi masa, ya ce zai dawo. Yana fita ya nemi irinsa a intanet don ragin da bai kai kuɗin mota ba. Ɗana, wannan cin haƙƙi ne. Ka ci lokacin bawan Allah da iliminsa, ka kai ribar wani wuri. Shi da kuɗin hayar shago a kansa, da iyali a gida, kuma kayan wasa ba shinkafa ba ce da ake saye kullum, wani kwalin sai ya yi wata shida a kanta. Ka yi ciniki, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Wannan halal ne, al'adarmu ce. Amma in ka san ba saye za ka yi ba, faɗa masa tun farko cewa kallo ka zo yi. Ranar da ya rufe shagon ya koma sayar da cajar waya, ba ka da inda za ka je neman ƙwaya ɗaya da ta ɓace, sai dai ka sake sayen kwali sukutum.

Kada ka raina ƙaramin wuri. Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a 2018, kuma ya yi sa'o'i 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, a shagon wani mai aski a Ikorodu ya fara koyon wasan yana yaro. Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya ci gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka, ya doke Bature ɗan Ingila a harshen uwarsa. A Abuja kuma akwai kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu, masu ƙirƙiro wasannin allo na gida, har suka sami lambar yabo ta Diana Jones a 2021. Ka tambayi mai shagonku ko yana da wasan da aka yi a ƙasar nan. Ko babu a ranar, in mutum uku suka tambaya, zai nemo.

Ina kuma so ka tuna da tamu darar. Iyayenmu ba su sayi kwali ba, gurbi talatin suke tonawa a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, wannan ya ɗauki tsinke goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokinsa. Yau tsakar gidajenmu duk siminti ne, yara sun tashi ba su san ta ba. Kafintan unguwarku zai fafe maka allonta a yini ɗaya, masu sassaƙa irin na Kasuwar Kurmi a Kano ma aikinsu ne. In ka je wurin kafintan, ga wata shawara. Scrabble na Turanci harafin K ɗaya tak gare shi, A tara, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, don haka ba ya ɗaukar Hausa. Ka sa ya yanka maka 'yan katakai, yaranka su rubuta haruffan da hannunsu, ku yawaita A da K da N, ku buga da harshenku. 

Akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba. Malamanmu na Malikiyya sun tsaurara a kan wasan da ake jefa ƙwaya, sun kuma ƙi shaɗaranji, wato ces, yayin da wasu malaman suka sassauta a kanta da sharuɗɗa. Ka tambayi malaminka kafin ka zaɓa, ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne caca. Kada a sa ko naira ɗaya, ko alewa, ko goro a kan wasa a gidanka, domin daga alewa ake farawa. In ladan ya kira salla, a bar allo yadda yake, ba inda za shi. In kuma ka ga shagon da ka shiga bayansa matattarar 'yan caca ce, juya da yaronka ka nemi wani.

Ranar da za ka je, ka tafi da yaran, ka ba babban kuɗin ya riƙe. Bar shi ya gaida mai shago da ladabi, ya tambayi farashi, ya taya da bakinsa, kai kana gefe. In ya zaɓi abin da bai kai shekarunsa ba, bar dattijon ya fahimtar da shi, yaro ya fi jin irin wannan daga bakin wani. Da kun dawo gida ka nemi gwangwanin madara mai murfi a zuba 'ya'yan wasan, ka ɗora wa ɗaya daga cikinsu alhakin ƙirgawa bayan kowane zama. Sannan bayan sallar isha'i ka cire hularka, ka ajiye wayarka a ɗaki, ka kira uwarsu, ka zauna a tabarmar tare da su. Ka bar ƙaramin ya fara.